Wa Ya Kashe Tupac Shakur, Kuma Me Ya Sa Aka Shekara 27 Kafin A Kama Wani?

Ranar 29 ga Satumba, 2023, 'yan sandan Las Vegas da ke Amurka suka kama wani mutum mai shekara 60, Duane Davis, wanda aka fi sani da Keffe D, bisa tuhumar yana da hannu a kisan fitaccen mawaƙin gambara Tupac Shakur. A 1996 aka harbi Tupac. Ke nan sai da aka shafe shekara 27 kafin a gurfanar da mutum na farko a kan wannan kisa, kuma bayan kamun ma an yi ta ɗage ranar fara sauraron shari'ar.

Labarin ya ta da tsohon musu har a nan gida, inda hoton Tupac ya daɗe a bangon shagunan aski da bayan babura da rigunan samari. Wani zai rantse maka mutumin nan bai mutu ba, yana can Kuba a ɓoye. Wani ya ce gwamnatin Amurka ce ta kau da shi saboda yana wayar da kan baƙar fata. Wani kuma ya ɗora laifin kacokan a kan abokin hamayyarsa a waƙa, Biggie. To wa ya kashe shi, kuma me ya ɗaure hannun hukuma tsawon wannan lokaci? Ba za a fahimci amsar ba sai an san shi kansa mutumin, domin wanda ke jikin hoton da wanda ya rayu ba daidai suke ba.

Gidan da ya fito

An haife shi ranar 16 ga Yuni, 1971, a birnin New York. Wata ɗaya kafin haihuwarsa mahaifiyarsa, Afeni Shakur, tana gaban kotu da tsohon ciki. Tana cikin 'yan Black Panther, ƙungiyar gwagwarmayar baƙar fata, su 21 da aka tuhuma da shirya kai harin bama-bamai a birnin. Ba ta ɗauki lauya ba, ita ta kare kanta, kuma a watan Mayu na shekarar kotu ta wanke su daga dukkan tuhumar. Ta raɗa wa ɗanta sunan Tupac Amaru, wani jagoran 'yan asalin Peru da ya yi wa Turawan Sifaniya tawaye har suka kashe shi a 1781. Shi kuwa sunan Shakur, wanda ya sa wasu a nan ke ɗauka ɗan gidan malamai ne, na dangin 'yan gwagwarmayar da Afeni ta yi aure a cikinsu ne, irin baƙaƙen Amurkan da a shekarun 1960 suka yar da sunayen da suka gada daga zamanin bauta suka ɗauki na Larabci da na Afirka.

Mijin mahaifiyarsa, Mutulu Shakur, ya shekara fiye da 30 a kurkuku saboda fashin wata motar ɗaukar kuɗi a 1981 wanda aka rasa rayuka a cikinsa. Assata Shakur, wadda Tupac ya tashi yana ɗauka a matsayin gwaggo, ta tsere daga gidan yari a 1979, daga baya Kuba ta ba ta mafaka. Wannan tarihi ne ya sa zargin da ake wa gwamnati bai zama shirme zalla ba: hukumar FBI ta yi wa Black Panther zagon ƙasa na shekaru ta wani shirin sirri da aka bankaɗo a 1971, kuma 'yan sanda sun kashe jagoransu na Chicago, Fred Hampton, a kan gadonsa a 1969. Tsoron yana da tushe. Sai dai tushen tsoro daban, hujja a kan kisan 1996 daban, kuma duk shaidar da ta fito fili wata hanyar take nunawa.

Ɗan wasa ne kafin ya zama mawaƙi

Wannan ɓangaren ne aka fi mantawa. Da talauci ya kora iyalin zuwa Baltimore a tsakiyar shekarun 1980, Tupac ya samu shiga makarantar koyon fasahar wasanni ta birnin. A nan ya karanci wasan kwaikwayo da rubutacciyar waƙa, ya fito a wasannin Shakespeare, har rawar bale ya koya. A nan ne kuma ya ƙulla abota da Jada Pinkett, wadda daga baya ta auri Will Smith. Bai kammala ba. A 1988 suka koma Marin City a Kalifoniya, mahaifiyarsa ta faɗa shan hodar iblis mai arahar nan da ta ɗaiɗaita unguwannin baƙar fata a lokacin, shi kuma ya koma kwana gidajen abokai.

Ya shiga harkar gambara ta ƙofar baya: ɗan ɗaukar kaya da rawa a ƙungiyar Digital Underground. A ƙarshen 1991 ya fitar da faifansa na farko, mai cike da labarin zaluncin 'yan sanda da yarinya ƙarama da ta yi cikin shege ba mai taimakonta. A 1992 mataimakin shugaban Amurka na lokacin, Dan Quayle, ya fito ya soki faifan a bainar jama'a, bayan wani matashi da ya harbe ɗan sanda a Texas an ce shi yake saurare a mota.

A shekarar ce kuma fim ɗin Juice ya fito, inda ya hau matsayin Bishop, yaron unguwa da riƙe bindiga ya juyar masa da ƙwaƙwalwa har ya shiga kashe abokansa. Ya yi wasan da kyau ƙwarai, har ya zama masa alaƙaƙai: mutane suka daina bambance Bishop da Tupac. A 1993 ya fito tare da Janet Jackson a Poetic Justice a matsayin ma'aikacin gidan waya mai sanyin hali, amma ba wannan fuskar duniya ta riƙe ba. Cikin shekara biyar ya ja manyan finafinai shida, uku daga ciki bayan rasuwarsa suka fito. Da ya yi tsawon rai, ina kyautata zaton fim ne zai zame masa babbar sana'a, kamar yadda ya zame wa Will Smith da Ice Cube.

Tupac bai taso a cikin gungun 'yan daba ba. Ba ɗan Bloods ba ne, ba ɗan Crips ba, wato manyan gungun daba biyu na Los Angeles. Yaro ne mai karance-karance da ya iya shiga kowace riga, ya sa rigar ɗan daba, kasuwa ta karɓa, daga nan cire ta ya gagara.

Kotu, harsashi da kurkuku

Ba wai duk abin wasa ne ba. A 1991 'yan sandan Oakland suka lakaɗa masa duka a kan tsallaka titi ba bisa ƙa'ida ba, ya kai ƙara, aka sasanta da diyya. A 1992, wajen wani taro a Marin City, rikici ya ɓarke tsakanin mutanensa da wasu, harsashi ya kuskure ya kashe yaro ɗan shekara 6. Ba a gurfanar da kowa ba, amma an biya iyayen yaron diyya. A 1993 ya harbi wasu 'yan sanda biyu da ba sa bakin aiki a Atlanta, aka janye tuhumar daga baya. A 1994 ya yi kwana 15 a tsare saboda dukan wani daraktan fim.

Mafi nauyi ita ce ƙarar da wata mata ta kai cewa shi da mutanensa sun ci zarafinta a ɗakin otal a New York a 1993. Masoyansa sukan tsallake wannan babi, kuma bai kamata ba. Shi ya musanta har ya koma ga Mahaliccinsa, kotu ta wanke shi daga tuhuma mafi tsanani, amma ta same shi da laifin cin zarafi ta hanyar lalata. Mutumin da ya yi waƙoƙin girmama mata da iyaye mata, shi ne dai wannan.

Ana gobe za a yanke hukuncin, daren 30 ga Nuwamba, 1994, wasu 'yan bindiga suka tare shi a harabar situdiyon Quad da ke Manhattan, suka harbe shi sau biyar, suka kwashe sarƙoƙinsa. Washegari a keken guragu aka shigo da shi kotu. Biggie da mai gidansa Sean Combs, wato Puffy ko Diddy, suna saman benen situdiyon a daren. Tupac ya ƙudurta a ransa cewa sun san da shirin ba su faɗa masa ba. Sun musanta, kuma ba a taɓa tuhumarsu ba, amma abotar da ke tsakaninsa da Biggie ta mutu daga wannan dare.

A Fabrairun 1995 aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya da rabi zuwa huɗu da rabi. Yana cikin kurkuku faifansa na uku ya fito ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin cinikin waƙoƙi na Amurka, abin da wani ɗaurarre bai taɓa yi ba kafinsa.

Belin da ya zama tarko

Yana da suna, ba shi da kuɗi, ga ɗaukaka ƙara na jiran beli. Sai Suge Knight, mai kamfanin Death Row na Los Angeles, ya je har gidan yarin. Aka shirya belin dala miliyan 1.4, shi kuma Tupac ya sa hannu zai yi wa kamfanin faifai uku. Ya fito a Oktoban 1995, ya tare a situdiyo kamar wanda ake kora, a Fabrairun 1996 ya saki All Eyez on Me, tagwayen faifai da suka yi cinikin miliyoyi.

A nan ake buƙatar rarrabe rigima biyu da mutane ke cakuɗawa. Ta farko ita ce ta Gabas da Yamma: gasar kasuwa da zage-zage a waƙa tsakanin Death Row na Los Angeles da Bad Boy na New York, kamfanin Diddy da Biggie ke ciki, wadda mujallu suka yi ta rura wa wuta don tana sayar musu da takarda. Ta biyu ta girme ta, ta kuma fi ta haɗari: gabar Bloods da Crips, gungun 'yan daba biyu na yankin Los Angeles, ɗaya mai ja ɗaya mai shuɗi. Wanda ya san faɗan daba na unguwa da unguwa a Kano ya san tsarin: an taɓa naku, dole ku rama, ko da kuwa ba wanda ya tuna mafarin rigimar. Suge Knight ɗan Compton ne, wani gari a yankin Los Angeles, kuma ya cika kamfaninsa da 'yan Mob Piru, wani reshe na Bloods. Abokan gabarsu na kusa su ne South Side Compton Crips. Shigar Tupac Death Row ta jefa shi tsakiyar gabar da ba a gidansu aka fara ta ba.

Daren 7 ga Satumba, 1996

Mike Tyson ya kayar da Bruce Seldon a zagayen farko a otal ɗin MGM Grand na Las Vegas. Tupac da Suge na cikin 'yan kallo. Suna fitowa, wani daga cikin mutanensu ya hango Orlando Anderson, ɗan South Side Crips, ya ce yana cikin waɗanda suka yi masa ƙwacen sarƙar Death Row a wani kanti watanni kaɗan da suka wuce. Tupac ne ya fara kai masa naushi, sauran suka rufe shi da duka da shuri. Kyamarar tsaron otal ɗin ta ɗauki komai.

Wajen ƙarfe 11 da 'yan mintuna na dare, Suge na tuƙa baƙar BMW, Tupac na gefensa, suna hanyar wani gidan rawa. Danja ta tsayar da su a mahaɗar titin Flamingo da Koval. Wata farar Cadillac ta tsaya a damarsu, aka zuge gilashin baya, aka buɗe wuta. Harsashi huɗu suka sami Tupac, biyu a ƙirji. Likitoci suka cire masa huhun dama. Bayan kwana shida, ranar 13 ga Satumba, ya cika yana da shekara 25.

Tsakanin dukan da harbin bai fi awa uku ba. A Compton ba wanda ya tsaya tambayar wa ya yi. Cikin 'yan kwanaki aka shiga harbe-harben ramuwar gayya tsakanin gungun biyu, aka yi asarar rayuka.

Me ya hana kamu?

Na farko, shiru. A dokar daba, magana da ɗan sanda cin amana ne, ko da kuwa kai aka cuta. Suge Knight, wanda ɓarɓashin harsashi ya same shi a ka, bai ba da wani bayani mai amfani ba. Ayarin motoci ne ke biye da su a daren, amma kusan kowa ya ce bai ga komai ba. Mutum ɗaya da ya nuna zai iya gane fuska, Yaki Kadafi, abokin Tupac tun ƙuruciya, 'yan sanda ba su sake zama da shi ba har aka harbe shi a New Jersey bayan wata biyu.

Na biyu, sakacin su kansu 'yan sandan. Sun yi wa Orlando Anderson tambayoyi sau ɗaya a taƙaice suka sallame shi, duk da bidiyon dukan na hannunsu. Afeni ta shigar da shi ƙarar neman diyya a 1997, shi ma ya kai ƙarar magadan Tupac a kan dukan da aka yi masa, kuma har ya mutu yana musanta kisan. A Mayun 1998 aka kashe shi a wata musayar wuta a Compton da ba ta da alaƙa da wannan batu. Baƙaƙen Amurka da yawa sun yi imanin cewa da wani farar fata mai irin wannan suna aka harbe a tsakiyar Las Vegas, da ba a yi wa binciken riƙon sakainar kashi haka ba. Zai yi wuya a ce musu ba su da gaskiya. Shi ma Biggie an harbe shi a Los Angeles ranar 9 ga Maris, 1997, kuma ba a gurfanar da kowa ba.

Na uku, mutuwa ta yi ta ɗauke waɗanda ake zargi. Mutum huɗu aka ce suna cikin Cadillac ɗin: Anderson, da DeAndre Smith da ya mutu a 2004, da direban, Terrence Brown, da aka kashe a 2015, sai Keffe D, kawun Anderson.

Baki shi ke yanka wuya

Ba wani sabon binciken kimiyya ne ya kai ga kama Davis ba, bakinsa ne. A 2008, yana fuskantar tuhumar safarar ƙwaya mai ɗaurin rai da rai, ya zauna da masu binciken kisan Biggie bisa sharaɗin ba za a yi amfani da abin da ya faɗa a wannan zama a kansa ba. Ya ce yana gaban motar, shi ya miƙa bindigar baya, ɗan ɗan'uwansa Anderson ya harba. Ya kuma yi iƙirarin cewa Diddy ya taɓa yi musu tayin dala miliyan 1 a kan Tupac da Suge. Diddy ya sha ƙaryata wannan, kuma ba a tuhume shi da kisan ba.

Da Davis ya tsaya nan, da wataƙila ya mutu a gidansa. Amma ya maimaita labarin a wani shirin talabijin a 2018, ya sake zuba shi a littafin tarihin rayuwarsa a 2019, ya bi tashoshin YouTube yana ƙara gishiri. Masu gabatar da ƙara suka ce kariyar 2008 ba ta shafi abin da mutum ya faɗa wa duniya da bakinsa ba. A Yulin 2023 aka binciki gidansa a Henderson, kusa da Las Vegas, bayan wata biyu aka kama shi.

Abu biyu a dokar jihar Nevada suka ba da damar haka. Laifin kisa ba ya tsufa, ko bayan shekara nawa ana iya gurfanar da mutum. Sannan wanda ya shirya ko ya taimaka, hukuncinsa ɗaya da wanda ya ɗana kunamar bindiga. Shi ya sa ba a ce Davis ne ya yi harbin ba. Cewa aka yi shi ya samo makamin, shi ya ba da umarni.

To masu cewa yana raye fa?

Jita-jitar na da abubuwan da ta jingina da su. Ba a yi masa jana'izar da jama'a suka gani ba, ƙona gawar aka yi cikin gaggawa. Wata biyu bayan rasuwarsa faifai ya fito da sabon sunansa, Makaveli, wanda ya aro daga Machiavelli, marubucin siyasar nan na Italiya da ake yaɗa cewa ya ba da shawarar mutum ya yi mutuwar ƙarya don yaudarar maƙiya. Akwai bidiyon waƙar da ya ɗauka kafin rasuwarsa inda aka nuna an harbe shi ya mutu. Ga kuma gwaggonsa da ta samu mafaka a Kuba. Uwa uba, sababbin waƙoƙi suka yi ta fitowa har 2006, faifan da aka saki bayan mutuwarsa sun fi waɗanda ya saki da ransa yawa.

Bayanin wannan na ƙarshen ba shi da wuya. A wata 11 da ya yi tsakanin fitowa kurkuku da mutuwa, yakan naɗi waƙa biyu ko uku a rana, ya bar fiye da 100 da ba a saki ba. Ya mutu ba shi da gidan kansa, kamfanin ma cewa ya yi shi ke binsa bashin miliyoyin daloli na motoci da masauki da kuɗin lauyoyi. Afeni ta maka Death Row a kotu, ta karɓo waƙoƙin, ta kafa kamfanin Amaru a 1997, ta riƙa fitar da su har cinikin faifansa ya haura miliyan 75 a duniya. Duk matashin mawaƙin da ake miƙa wa mota da kuɗin somin-taɓi a ce ya sa hannu, ya kamata ya san yawanci bashi ne za a cire daga guminsa.

Akwai rahoton binciken gawa na hukumar gundumar Clark, inda Las Vegas take, akwai likitocin da suka yi masa aiki, akwai mahaifiyar da ta yi shekara 20 tana juyayinsa har ta rasu a 2016. Ita dai jita-jitar ba ta rage wa kowa ciniki ba, shi ya sa masu cin moriyarta ba su wahalar da kansu wajen kashe ta ba. A 2012 aka haska siffarsa da na'ura a dandalin bikin Coachella kamar yana waƙa da rai, a 2024 kuma Drake ya kwaikwayi muryarsa da ƙirƙirarriyar basira a wata waƙa, sai da magada suka yi barazanar kai ƙara ya cire ta.

Abin da kowane ɓangare ya riƙe

Davis ya ce bai aikata ba. Yanzu cewa yake duk labaran da ya bayar na neman kuɗi ne da suna, ba ma ya Las Vegas a daren, littafin kuma wani ne ya rubuta masa. Lauyoyinsa sun nemi a kori ƙarar bisa alkawarin 2008 da kuma daɗewar lokaci, alƙaliya ta ƙi. An sa masa belin dala 750,000, amma kotu ta ƙi sakinsa saboda shakku a kan inda kuɗin suka fito. Masu gabatar da ƙara sun ce ba hukuncin kisa suke nema ba.

Raunin masu gabatar da ƙara a fili yake: ba bindiga, ba mota, kuma babbar shaidarsu maganar mutumin da yanzu ke cewa shi maƙaryaci ne. Ko a kan wanda ya yi harbin akwai saɓani, domin wani shaida ya ce Smith ne ba Anderson ba. Ƙarfinsu kuwa shi ne Davis ya maimaita labari kusan iri ɗaya tsawon shekara 15, a gaban jami'ai da gaban kyamara, kuma ya yi daidai da bidiyon otal da abin da Compton ta sani tun 1996.

Cikin mutum shida da ke motocin biyu a wannan dare, biyu ne suka rage. Ɗayan shi ne wanda ake tuhuma. Ɗayan kuma Suge Knight, wanda ke zaman ɗaurin shekara 28 a Kalifoniya saboda take wani mutum da mota har lahira a 2015, kuma tun makon da aka kama Davis ya aiko daga kurkuku cewa shi ba zai ba da shaida a kan kowa ba.